Fiyanon Baba Ya Sha Ruwa

Maɓalli goma sha tara ne suka ƙi tashi. In an danna su, sai su lafe a ƙasa kamar masu fushi. Mai gyara ya cire murfin gaban fiyanon, ya zaro su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan tebur. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ƙyallen ulun da ke cikin ramukansu ya jiƙe sharkaf. Saman fiyanon kuwa sai sheƙi yake, har mutum ya ga fuskarsa.

Babbar 'yar gidan na tsaye a kansa tana bayani. Ita da ƙannenta ne suka haɗu suka saya wa mahaifinsu, don ranar Asabar zai cika shekara saba'in. Tun suna yara suke jin labarin shekara ashirin da ya yi a kan fiyanon wani babban otal, amma ba su taɓa jin kiɗansa ba, tunda gidan babu fiyano. An gayyaci mutum sittin su zo su saurara. Kwana biyu da kawo shi sai ga wannan tsautsayi. Baba ya ce rufi ne ya yi yoyo.

Tsohon na zaune a kujerarsa, ya rungumi ƙaddara da hannu biyu. Ya ce kada a takura wa bawan Allah, katako ba ya son gaggawa, a ba shi wata guda ya bushe. Mai gyara ya jinjina kai, ya ce lallai an san aiki. Amma da ya ga idon 'yar ya kawo ruwa, sai ya yi alkawarin Juma'a.

Mai gyara ya kafa wa maɓallan fanka kwana uku, ya hana a kai su rana kada su tanƙware. Ya matse ulun da filaya, ya bi gefen kowanne da samfefa a hankali. Kullum ya iso zai tarar da Baba da tsumma, yana bin jikin fiyanon lungu-lungu, yana tambayar ko dai a ƙara haƙuri.

Ranar Juma'a da hantsi ya mayar da na ƙarshe. Ya bi su da yatsa daga farko har ƙarshe, kowanne ya amsa, ya dawo cak. 'Yar ta share hawaye. Mai gyara ya miƙe, ya ja wa tsohon benci.

Baba ya aiki 'yarsa ta ɗauko masa tabarau a sama. Sai da takunta ya ɓace ya tura ƙofa, ya kama hannun mai gyara, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, a otal ɗin nan ni mai goge shi ne, ban taɓa danna ko ɗaya ba. Ruwa buta guda na zuba masa, ka tashe shi cikin kwana huɗu. Tsakaninka da Allah, bokiti nawa zai tsallakar da ni Asabar?"