Tambarin da Ya Sauka Gangare

Garinmu, can wajen Dogo, 'ya'yan sarki biyu ne suka raba shi, wa da ƙane. Wan ya zauna Tudu, ƙanen ya sauka Gangare da tambarin ubansu. Babana jinin wan ne, Inna kuwa jikar ƙanen.

Karatuna bai wuce aji uku na lakwal ba, amma tun ina yaro akwai ni da tambaya. Wata la'asar na tarar da kakana na wajen uba a zaure, Inna ta durƙusa tana miƙa masa fura.

Na ce, "Kaka, a Gangare sun ce uban ne ya ba ƙanen tambari da hannunsa, don wan azzalumi ne. A nan kuma an ce sace shi ya yi. Wanne ne gaskiya?"

Bai dube ni ba, Inna ya duba. Ya ce, "Tambayi uwarka, ai ita ce jikar ɓarawon."

Mace ba ta mayar wa surukinta magana. Sai kawai ta miƙa masa ƙwaryar. Tsohon nan ya karɓa, ya shanye furar jikar ɓarawo tas, har da gyatsa!

Allah Ya ji ƙansa, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Yanzu duk sun tafi, wai ni ne babban masanin tarihi, ɗalibai har daga Damagaram suke zuwa ɗaukar maganata a waya. Kowa ya zo, labarin Gangare nake ba shi. In ya nemi na Tudu, sai in ce na manta, tsufa ne.