Giɓi a Katangar Baba

Tun safe Hazel da saurayinta Alec suke tafe cikin kwarin fararen duwatsu, har suka hau tudun da gidan su Hazel ke kiwon tumaki, wanda katanga ta kewaye. Matakalar tsallake katanga tana gaba kaɗan, amma Alec ya ƙosa. Kafin ta buɗe baki ya dafa katangar ya haura. Duwatsun sama suka zubo, tumaki suka watse.

Katanga ce ta dutse zalla, ba siminti, marigayi babanta ne ya jera ta da hannunsa.

Alec ko waiwaye bai yi ba. Ya durƙusa cikin ciyawa, ya ciro zobe yana murmushi.

"Hazel, za ki aure ni?"

Ita giɓin take kallo, ranta na tafasa.

"Sau nawa na ce maka ba a hawa katanga?"

"Haba masoyiya, duwatsu ne fa kawai."

"Duwatsu ne kawai? Wata biyu Baba ya yi a nan cikin ruwan sama, yana juya kowane dutse har ya samo mazauninsa. Kai ɗan birni, taku ashirin ya gagare ka."

Ya yi tsuru-tsuru, zoben na hannunsa.

Ta sunkuya ta ɗauko dutse mafi nauyi, ta dire masa a gaba.

"Mayar da zobenka aljihu. Ranar da ka gane inda wannan yake zama, ka sake tambayata."