Tuwon Nan Fa Zai Huce

Tasi'u, cire abin nan daga kunnenka, magana nake yi da kai. Na ji, sautinsa garau, har numfashin mawaƙi kana ji, ka faɗa mini ya fi a ƙirga. Amma tunda ka ce gobe za ka kwashe kwalin kaset-kaset na marigayi babanka ka ba 'yan gwangwan, zauna in ba ka misalin wani baduku.

Badukun nan mayen kiɗan gurmi ne. Tun yana ango yake da wata baƙar rikoda mai shan batir kamar me. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana, in zaren kaset ya harɗe a zura biro a juya, in ya tsinke a liƙe da jan farce, shi ke nan kiɗa ya ci gaba. Maɓallanta manya, ko ido a rufe ka danna sai ka ji ƙwas. Kai, zamani ya yi daɗi! Da ya kunna ta a rumfarsa, mai shayi da mai faci da duk wanda rana ta koro sai su sha kiɗa kyauta. Akwai kaset ɗaya da ya fi ƙauna, waƙar da ya ɗauka da kansa a tsakar gida, ya kara rikodar a jikin rediyo. Ana cikin ɗauka, daidai inda mai gurmi ya sassauta hannu, sai matarsa ta leƙo daga madafi ta ce, "Malam, tuwon nan fa zai huce." Da ta ga ya zare mata ido sai ta tuntsire da dariya. Duk ya shiga kaset, har da carar zakaran maƙwabta. Shekara da shekaru in waƙar ta zo wurin sai ya ja tsaki, wai ta ɓata masa kiɗa. Bayan Allah Ya karɓi ranta, bai daina kunna kaset ɗin ba, bai kuma daina tsakin ba, don baki ya riga ya saba.

Rannan a kasuwa wani mai kayan sauti ya jona masa irin na'urar nan ta hannunka a kunne, ɗan abu bai kai sabulun wanka ba. Waƙar tasa ce, amma an wanke ta tas, babu shuuu, babu ƙarar komai, har yana jin farcen mai gurmi na taɓa tsirkiya. Nan take ya rikice. Ya ɗauko rikoda da kaset-kaset gaba ɗaya, ya yi ciko, aka yi musaya. Tun a hanya aka soma rigima, don gilashin abin bai san yatsan baduku ba. Kantar yatsansa ta yi kauri, ya shafa ya shafa abu ya ƙi motsi, in ma ya motsa sai ya kai shi waƙar da bai nema ba. Ga shi ba lasifika, sai dai a toshe kunne. Mai shayi da mai faci suka ga mutum yana kaɗa kai shi kaɗai kamar mai iska, suka ɗauke bencinsu suka koma gindin dalbejiya. Duk ya jure kwana da kwanaki, ai sauti yake nema. Da ƙyar da jiɓin goshi ya lalubo waƙarsa, ya jingina da bango ya lumshe ido. Kiɗa ya zo inda mai gurmi ke sassauta hannu, bakinsa har ya haɗa tsaki. Shiru. Gurmi ya wuce abinsa tsaf, ba wanda ya kira shi cin tuwo. Ya mai da baya ya sake, haka dai. Wallahi Tasi'u, sai ran nan ya gane abin da yake jira a waƙar duk shekarun nan, kuka ya ƙwace masa.

Ko rumfa bai rufe ba ya koma kasuwa. Mai kayan ya ce rikoda an farke ta tuni, kaset kuwa wa ke saye yanzu, manoman shinkafa ya ba wa, suna zare zaren su ja a gona don korar tsuntsaye. Ya bi sawu har fadama. Ya tarar an ja zare daga sanda zuwa sanda, gona guda, yana ƙyalli a rana iska tana kaɗa shi. Ya tsaya a bakin gonar yana ta dubawa, bai san wanne ne mai muryar matarsa ba.

Ban ce ka yar da naka ba, abu ne mai kyau, ni ma da ka sa mini na ji daɗi. Amma kafin ka taɓa kwalin nan, aro rikoda ka saurare su ɗaya bayan ɗaya, har da shuuu ɗin, don ba ka san wa ya yi tari a ciki ba. Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.