Hotuna Marasa Suna a Adakar Ɗan Daudu

Ka tambaye ni me ya sa tarihin wasu ke tsayawa, na wasu kuma ya bi ruwa. Ni ba mai dogon zance ba ne. Ga misali, ka riƙe.

An yi wani ɗan daudu a wani babban gari, mai sayar da tuwo da soyayyar kaza a bakin tasha. Shekara arba'in da wani abu yana tuƙa tuwo a rumfa ɗaya, har hayaƙi ya rage masa gani. A ƙarƙashin gadonsa akwai adaka ta ƙarfe, cike da hotuna. Na bukukuwa ne da aka yi tun zamanin da mai hoto ke rufe kansa da mayafi in zai ɗauka: wannan ya ci ɗaurin ɗankwali, wancan ya riƙe mafici, wasu biyu sun jingina da juna. Ko ɗaya ba a rubuta masa suna a baya ba. Haka al'adarsu take. Uwar ɗakinsa a daudu, wanda ya koya masa girki kuma ya bar masa adakar, shi ya gargaɗe shi: hoto a akwati, suna a ka. In aka kama akwatin, fuska kaɗai za a samu, ita ma cikin kwalli da gazar. Saboda haka komai yana kansa. Ya san wanda ya rene wane, da wanda aka kora daga gidan ubansa ya sami tabarma a rumfar wane, da wanda ya tafi Makka bai dawo ba, da mutum biyun nan da suka so juna shekara talatin, duniya na ce musu aminai.

Wata rana wata malama mai koyar da tarihi ta zo, ta ci tuwo, ta tsaya tambaya. Da farko ya kore ta da habaici. Ta dawo. Ta yi ta dawowa har ya buɗe mata adakar. Ta ciro waya za ta ɗauki muryarsa, ya dafe hannunta.

"Mayar, 'yar nan. Waya ana sace ta. Waɗannan suna da jikoki a garin nan. Samo mini ɗaki mai makulli, inda za a ajiye maganata, kada a buɗe sai ƙasa ta rufe mu duka. Ranar da kika samo, zan faɗa miki kowa da sunansa."

Ta ce, "Baba, zan samo."

Abin da ake nema ba yawa: wurin ajiya amintacce, da na'urar ɗaukar magana, da kuɗin motar da za ta bi sauran tsofaffin da suka rage a garuruwa. Ta kai takarda ga masu raba tallafin bincike. A shekarar sun ba mai auna ganuwa, sun ba mai binciken marina. Tata aka ce ta ɓata. Ta sake rubutawa, wani babba ya kira ta gefe ya ce ta ji tausayin aikinta da sunan gidansu. Ta je wurin wani attajiri da ke gina ɗakunan karatu, wanda tsohon ya ciyar kyauta lokacin yana yaron mota. Da ya ji ko tarihin su wane ne, sai ya tashi wai zai yi alwala, bai sake fitowa ba. Masu ba da tallafi na ƙasashen waje kuwa suka ce abu ya yi kyau, a cike takardu, a jira baɗi.

Shi dai tsoho yana rumfa yana jira. Kowace safiya, kafin ya hura wuta, sai ya ciro hotuna ya bi su ɗaya-ɗaya yana kiran sunayen a ransa, kamar makiyayi na duba garke. Damina ta farko, labari ya zo cewa ƙawarsa a daudu, na wani gari, ya rasu, wanda ya san rabin abin da ya sani. Damina ta biyu, aka rushe rumfunan tasha, ya koma da sana'arsa soron gida. Nan ya fara ɗaga hoto ya daɗe yana kallo kafin sunan ya zo. Tsoro ya kama shi. Sau biyu yana niyyar aika wa malama ta zo da wayar ko yaya, sai ya tuna gargaɗin uwar ɗakinsa, ya haɗiye.

A damina ta uku tallafi ya fito. Malama ta zo da sauri, ga na'ura sabuwa a kwali, ga makulli a hannu. Ta tarar da shi kwance. Kwana tara ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Ta durƙusa, ta kunna na'ura, ta ɗaga masa hoton mutum biyun nan. Ya gane su sarai. Sunayen suna nan a kansa, ya tattara ƙarfinsa duka, abin da ya fito gurnani ne da miyau. Ta ɗaga wani. Ta ɗaga wani. Na'urar ta yi ta juyawa tana ɗaukar kukan kaji da numfashin tsoho.

Yau hotunan suna ɗaki mai makulli, an jera su tsaf, kowanne da lamba. Fuska ɗari uku da wani abu, ba wanda ya san ko ɗan wane ne. Waɗanda suka ce a jira baɗi har sun zo sun gani, sun yaba da tsarin.

Shi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.