Jan Maɓalli da Mai Sayar da Tukwane

Hansatu, kin ce asibiti sun saka wa 'yarki Ladidi mai ciki wani abu a waya, wai manhaja, har hankalinki ya kwanta. To, saurara.

Wata mai sayar da tukwane ce, 'yarta na da ciki wata takwas, ƙafafu sun kumbura, ga ƙauyensu a hayin rafi, damina ta sauka. A asibitin gari aka saka musu irin wannan abu, aka nuna musu jan maɓalli. In ciwon kai ya tsananta ko an ga jini, a danna, nan take ungozoma za ta kira, a turo mota. Asibitin ne da kansa ya ƙera, shi ne kuma yake yabonsa. Kowa ya yi godiya ya tafi, ban da ita. Matar da ko tukunyar miya ba ta ɗauka daga hannun magina sai ta ƙwanƙwasa ta ji amonta, ita za a miƙa wa ran 'yarta a cikin waya? Ta samu benci a nan cikin asibitin ta zauna, ta danna jan maɓallin, ta kasa kunne. Sai ga ƙarar waya daga wani ɗaki da aka garƙame da kwaɗo. Wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Matar ta tambayi mai shara, ya ce, "Ai mai ɗakin ya tafi taro birni, Inna, da makullin a aljihunsa." Kasuwa ta zagayo, ta dawo ta sake dannawa. Ɗakin nan dai, kwaɗon nan dai.

Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta koma gida ta naɗe tabarmar yarinya, ta haye rafi da ita tun ruwa bai kai ƙugu ba, ta ajiye ta gidan ƙaninta, kawun yarinyar, a bayan asibiti. Surukinta ya yi ta mita, wai tsohuwa ba ta yarda da zamani ba. Ranar da naƙuda ta zo, da jijjiga ta zo. Ƙanin ya danna maɓallin, uwar kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. A amalanke aka tura yarinya, kafin a ce kwabo tana hannun likita. Uwa ta rayu, ɗa ya rayu. Sai ranar suna, ana tsakiyar rabon waina, wayar ta yi ƙara. Wata murya mai ladabi ta ce an ga an danna, wai ko lafiya?

Ban ce ki jefar da wayar Ladidi ba, wataƙila nasu na ƙwarai ne. Amma gobe ki ɗauki mayafinki, ki je ki zauna a kan bencinsu, ki danna, ki ga wa zai ɗaga, kuma bayan yaushe. Hausawa sun gama magana: ba a cinikin biri a sama.