Dokar Uwar Ƙungiya

Da ta shiga taron ƙungiyar mata 'yan kasuwa ta Kazaure, bayan jinyar shekara huɗu a Gwiwa, babu wadda ta gane ta. Ita ta kafa ƙungiyar, ta koya wa sabbin shiga ciniki, ta haɗa su da dillalan gyaɗa na Babura. Waɗanda ta ɗora a hanya sun bunƙasa, sun daina zuwa.

Wata matashiya ta jawo mata kujera.

"Mama, sabuwa ce? Zauna kusa da ni, zan nuna miki komai. Ba ma barin sabuwa ita kaɗai. Dokar uwar ƙungiyarmu ce, Allah ya jiƙanta."



"Amin," uwar ƙungiyar ta ce, ta zauna.