Kafa ta Bakwai

Tun da Hukumar Sama ta soke rani, ba wanda ya ƙara yin asara a Tudun Marke. Haka aka rubuta a allon bakin gari.

Magini Ɗanlami ne ya gina katangar dutsen da ta tare tudun, don kada ruwan sanyin nan mai zuba wata goma a shekara ya gangaro da gidaje arba'in. Ya bar mata kafofin ruwa goma sha biyu, yadda doka ta ce. Ta bakwai tana tsiyaya daidai kan kabarin matarsa, Tabawa.

Ranar Juma'a ya je ziyara, ya tarar rabin ƙasar kabarin ta zaizaye. Ya cire hularsa ya cusa a kafar.

"Baba," in ji mai gadin maƙabarta daga ƙarƙashin lema, "kai da bakinka ka ce in aka toshe ɗaya, katangar kumbura za ta yi ta faɗi."

"Na sani. Bari dai ta ɗan huta. Ba ta son sanyi."

Can sama, a gidajen kan tudun, wata mata tana daka. Ya saurara jim kaɗan, sannan ya zare hular, ya matse ta, ya mayar da ita kansa a jiƙe.